Hawan Babban Babur a Hamada: Tambayoyi da Amsoshi

Na tattara tambayoyin nan daga bakin masu manyan babura da ke sha'awar barin kwalta su shiga yashi. Wasu sun riga sun sayi babur, wasu suna tara kuɗi, wasu kuma sun gwada sau ɗaya sun dawo da ciwon kafaɗa. Na amsa da abin da na sani, kuma inda nake ganin abu bai dace ba na faɗa kai tsaye.

Wane irin babur ake nufi da babban babur na doguwar tafiya?

Su ne dogayen baburan nan masu babban tanki da doguwar shokozoba, waɗanda aka ƙera don su bi kwalta su kuma sauka daji. Fitattu cikinsu akwai BMW GS, da Honda Africa Twin, da KTM Adventure, da Yamaha Ténéré 700. Yamaha ɗin yana da nauyin kilo 205 ko kusa da haka idan tankinsa na lita 16 ya cika. BMW R1250GS Adventure kuwa ya kai kilo 268, tankinsa lita 30. Ka ɗora masa akwatuna da jarkoki da tanti, ka ga ya doshi kilo 300, wato buhun shinkafa shida. Boxer da 'yan acaba da 'yan kabu-kabu ke hawa kilo ɗari ne da 'yan kai. Wannan bambancin na nauyi shi ne tushen kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa.

Gaskiya ne sunan Ténéré daga Nijar aka samo shi?

Ƙwarai kuwa. Tenere ita ce hamadar da ta shimfiɗu daga gabashin duwatsun Abzin har zuwa Bilma, kuma kalmar a bakin Abzinawa tana nufin fili wanda babu kowa. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya ɓata a kan babur a hamada a 1977 lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Da aka ceto shi sai ya kafa tseren Paris zuwa Dakar. An tashi karo na farko ranar 26 ga Disamba 1978, aka ratsa Aljeriya aka biyo ta Agadas da Yamai, aka wuce Mali har Senegal. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka isa. Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan Yamaha XT500, ƙaramin babur mai silinda ɗaya.

Daga wannan tseren aka haifi baburan da muke magana a kai. BMW ta fitar da R80 G/S a 1980, Hubert Auriol ya ci tseren da BMW a 1981 da 1983. Yamaha ta fitar da XT600Z Ténéré a 1983, Honda ta biyo da Africa Twin a 1988. Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali a Janairun 1986. An soke tseren a 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Abin lura shi ne tun 2011 ba a barin babur ya wuce 450cc a tseren Dakar. Gwanayen duniya a yashi ƙananan babura suke hawa, nauyinsu bai fi rabin na babban GS da kaya ba.

To in don hamada aka yi su, me ya sa suke ba da wahala a yashi?

Don yawancin hamada ba tudun yashi ba ce. Kaso mafi girma fako ne, da tsakuwa, da duwatsu, da hanya mai gargada. A irin wannan wuri babban babur sarki ne: yana ɗaukar kaya, yana ɗaukar mai, yana cin kilomita 300 a yini bai gaji da kai ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka shiga yashi mai laushi. Tayar gaba tana nutsewa, kan babur ya fara kaɗawa dama da hagu, kuma idan kilo 250 ya karkata babu ƙafar da za ta tare shi. Dubi raƙumi: tafin ƙafarsa faffaɗa ne, yana baje nauyinsa a kan yashi. Babur kuwa duk nauyinsa a kan wuri biyu yake, kowanne bai fi tafin hannu ba.

Shi ya sa za ka ga yaro a ƙauyen Yusufari ko bayan Damagaram ya ratsa yashi da ƙaramin babur da goyon mutum biyu, alhali mai babur na miliyoyi yana kwance a gefe. Yaron ya girma a yashin, kuma baburinsa in ya karkata da ƙafa ɗaya zai mayar da shi.

Yaya ake tuƙa shi idan an shiga yashi mai zurfi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, bari in tsaya a kanta.

Da farko ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa. Gwiwoyi su ɗan lanƙwasa su riƙe babur, ɗuwawu ya ja baya, hannuwa su saki jiki. A zaune nauyinka yana danne gaba, kuma duk kaɗawar da babur ya yi da kai zai yi ta. A tsaye kuwa babur yana rawarsa a ƙarƙashinka kai kana daidai.

Na biyu, wuta. Ka shiga da giya ta biyu ko ta uku, ka riƙe totur daidai ba tare da sassautawa ba. Idan kana ba shi wuta nauyi yana komawa baya, tayar gaba ta yi sauƙi ta hau saman yashi. Da ka saki totur nauyi zai dawo gaba, tayar ta nutse, sai faɗuwa. Abin da jikinka zai gaya maka lokacin da kan babur ya fara kaɗawa shi ne ka rage wuta ka sauke ƙafa. Wannan ne kuskuren. Abin da ake so shi ne ka ƙara wuta kaɗan. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma a yashi tafiyar hawainiya tana kayar da mutum. Ba gudu nake nufi ba. Kilomita 30 zuwa 50 a awa ya ishi mai koyo ya ji babur ya daina nutsewa.

Na uku, ido. Ka kalli nesa, inda kake son zuwa. Wanda ya zuba wa tayar gaba ido ya riga ya faɗi. In akwai dutse ko kututture, kalli hanyar da ke gefensa, don babur inda ido ya je yake bi.

Na huɗu, kada ka yi kokawa da kan babur. Bar shi ya kaɗa. Ana juya babur a yashi da ƙafa ne, ka danna matakin ɓangaren da kake son bi, kuma kwana ta zama mai faɗi.

Wurin da ya fi ba ni tsoro ba buɗaɗɗen yashi ba ne, sawun manyan motoci ne. Inda Hilux da manyan motoci suka haƙa layi biyu masu zurfi, in tayarka ta shiga ɗaya to ka zauna a ciki har ya ƙare. Ƙoƙarin fita a karkace shi ke jefar da mutum. In dole ne ka tsallaka sawu, ka tsallaka shi a miƙe da wuta. Sauke ƙafa cikin irin wannan rami kuwa, musamman da akwatin ƙarfe a bayanka, shi ke karya ƙwauri: ƙafa ta maƙale, akwati ya zo ya buge ta. Saboda haka nake ba da shawarar jakunkuna masu laushi a maimakon akwatunan ƙarfe.

Birki fa? Da na'urorin da ke cikin baburan zamani?

Birkin gaba a yashi mai laushi kusan haramun ne. Sakin totur kaɗai yana tsayar da babur, in ana buƙatar ƙari a taɓa na baya a hankali. Na'urar hana taya zamewa, wadda take rage wuta idan tayar baya ta juya a banza, a kashe ta kafin a shiga, domin a yashi dole taya ta juya a banza kafin ta tura ka. In ka bar ta a kunne za ta yanke maka wuta a daidai lokacin da kake neman ta. ABS na baya ma, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki, a kashe. Ka tuna baburan da yawa suna mayar da waɗannan na'urori da kansu duk lokacin da aka kashe makulli aka sake kunnawa.

Iska nawa zan bari a taya?

Rage iska yana faɗaɗa inda taya ke taɓa ƙasa, kuma bambancin da yake kawowa ya fi na kowane kayan ƙawa da za ka saya. A hanyar tsakuwa ana sauka wajen 22 zuwa 25 a ma'aunin masu faci. A yashi zalla ana iya kaiwa 15 zuwa 18. Ƙasa da haka a babban babur akwai haɗari: dutse ya lotsa rim, ko taya ta zame a kan rim ta tsinke bawul ɗin tib. Da ka dawo duwatsu ko kwalta ka mayar da iska, don taya mai ƙarancin iska tana zafi da gudu. Ke nan famfo da ma'auni dole ne. Taya kuma ta zama mai manyan haƙora, kuma wilin gaba mai inci 21 ya fi mai 19 hawa yashi.

Yaya ake hawa tudun yashi?

Kowane tudu fuska biyu gare shi. Wadda iska ke bugawa tana da tauri da sauƙin gangare. Ta bayan kuwa laushi gare ta, kuma a tsaye take, ta kai digiri talatin da 'yan kai. Haɗarin yana a ƙoli: ka hau da gudu ba ka san abin da ke baya ba, sai ka tashi sama ka faɗa rami. Ka hau da ƙarfin da zai kai ka, ka sassauta dab da ƙoli yadda tayar gaba za ta ɗan leƙa, ka duba, sannan ka gangara a miƙe da wuta kaɗan, nauyi a baya. In ka ga ba za ka kai ba, ka juyo tun kana da sauran gudu. Kada ka tsaya babur yana kallon sama.

Da sassafe yashi ya fi tauri saboda sanyin dare, kuma inuwa tana nuna maka kwari da tudu. Da rana ta take tsaka komai sai ya zama fari fat, rami da fili duk ɗaya. Wannan lokacin na neman inuwa ne da shan shayi.

Akwai kuma wata ƙasa da ake kira fesh-fesh, gari ne kamar toka da ɓawo a samansa. Tana haɗiye taya ba sallama, ta tashi ta rufe ido. In ka ga launin ƙasa ya canja ya yi fari-fari, ka ja baya ka riƙe wuta.

Ya kafe, ko ya faɗi. Me zan yi?

In ya kafe, ka daina murɗa totur nan take. Duk daƙiƙar da ka ƙara taya tana ƙara haƙa wa kanta kabari, kuloci kuma yana ƙonewa. Sauka, ka kwantar da babur a gefensa, tayar baya za ta fito daga ramin. Cike ramin da yashi, ka ja bayan ya koma gefe, ka tashe shi. Sannan ka tsaya a gefensa ka sa giya ta ɗaya ko ta biyu, kana tafiya da shi yana jan kansa har ƙasa mai tauri.

Wajen ɗagawa, kashe inji, sa shi a giya, cire kaya. Ka juya masa baya, ɗuwawu a jikin sirdi, hannu ɗaya ya riƙe kan babur, ɗaya ya riƙe ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu da ƙananan taku. Kada ka ɗaga da ƙugu. Kuma kafin komai ka zauna ka huta ka sha ruwa. Ɗagawa ta farko ba komai ba ce, ta biyar a cikin rana ita ce mai ƙarar da mutum, kuma gajiyayye shi ke sake faɗuwa. In ba za ka iya ɗaga baburinka kai kaɗai sau uku a jere ba, ya yi maka nauyi a wannan tafiya.

Mai da ruwa nawa zan ɗauka?

Mu yi lissafi. Babur da ke shan lita 4 ko 5 a kilomita 100 a kwalta yana iya shan 7 ko 8 a yashi. Tsakanin Agadas da Bilma kusan kilomita 600 ne. Ke nan mai ya haura lita 40, in ka ƙara na ko-ta-kwana ya doshi 60. Ruwa kuma, mai aikin ƙarfi a hamada yana buƙatar lita 6 zuwa 8 a yini ko da lokacin sanyi ne, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Kwana huɗu da rarar kwana biyu, ka ga ruwa kaɗai ya kai kilo 36 zuwa 48. Ɗora wannan duka a kan babur ka ga ya zama abin da ba ya tuƙuwa a yashi. Amsar ita ce mota mai rakiya. Ita ke ɗaukar jarkoki, kai ka hau babur da lita 3 a bayanka da kayan gyara kaɗan.

Ba na wasa da maganar ruwa. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Allah Ya jiƙansu.

Ka riƙa sha kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya zo, ka duba fitsari, in ya yi duhu ruwa ya yi ƙaranci. Ka tafi da ruwan gishiri da sukari na leda. In babu, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In abokin tafiya ya fara ruɗewa ko maganar da ba kai, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a jiƙa jikinsa ana fifita, a nemi taimako. Tafiya ta ƙare a nan.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ayarin gishiri ma ke zirga-zirga tsakanin Abzin da Fachi da Bilma. Dare yana da sanyi sosai, ka tafi da bargo mai kauri. Hazon hunturu yana iya rufe hanya, in ya sauko a tsaya. Bazara kuwa, daga Afrilu zuwa Yuni, zafi yana wuce digiri 45, ba lokacin shiga ba ne. In watan azumi ya faɗo cikin shirinka, ni dai shawarata a ɗage tafiyar, tunda ta nishaɗi ce.

Me ya fi lalacewa a babur?

Matatar iska ce ta farko. Ƙura tana toshe ta, in ta ratsa kuma ta cinye inji. A duba ta kullum da yamma. Sai sarƙa: kada a shafa mata mai mai danƙo, domin yashi zai manne ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Sai taya, saboda ƙayar bagaruwa da ta farar ƙaya, don haka ka koyi cire taya da faci da hannunka a gida kafin ka tashi. Gargada tana kwance kusoshi da sufok. Man da ake saya a jarka ko ganga a tace shi da kyalle, don famfon mai na baburan zamani ba ya jure datti da ruwa. Bakaniken ƙauye zai gyara maka kafireto da rufe ido, amma in kwamfutar babur ta ƙi, sai dai a ɗora shi a mota.

Kai kanka kuma: hular kwano, tabarau mai rufe ido ruf, safar hannu, kariyar gwiwa da ƙirji, da dogon takalmi mai tauri har ƙwauri. Cikin waɗannan, bayan hula, takalmin ne ba na yarda a yi arha a kansa.

Ina da GPS a waya. Ina buƙatar jagora? Zan iya tafiya ni kaɗai?

Kai kaɗai, a'a. Ƙafa ta karye ƙarƙashin babur a inda babu sabis, wa zai ɗaga maka shi? Aƙalla babura biyu da mota.

GPS yana gaya maka inda kake, ba ya gaya maka wace rijiya ce ta ƙafe bana, ko wane kwari ne ba a bi. A wasu sassan arewa maso gabashin Nijar da arewacin Chadi da Yammacin Sahara akwai nakiyoyin da aka binne tun lokutan yaƙi. Abzinawa da Tubawa da suka tashi a wurin su suka san wannan, kuma matambayi ba ya ɓata. Madugun ayari yana kai ɗaruruwan raƙuma Bilma da taurari da launin yashi. Ko Bishiyar Tenere, itace ɗaya tilo da ke tsaye a tsakiyar hamadar, wadda wani direban babbar mota ya kayar a 1973, alama ce ta hanya ga ayari. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Ka tafi da wayar tauraron ɗan'adam in dokar ƙasar ta yarda, ka bar wa wani bayanin hanyarka da ranar isowarka. In babur ya mutu, ka zauna kusa da shi, ka yi inuwa. An fi saurin ganin babur da mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa.

Yanzu ana iya shiga Tenere da babur?

Ba kamar da ba. Yankin yana fama da 'yan fashi da masu fasa-ƙwauri, kuma motocin da ke zuwa Dirku, wani gari kusa da Bilma, daga Agadas da rakiyar soja suke tafiya. Babur kansa ya zama abin zargi a wurare da yawa saboda 'yan bindiga da shi suke aiki. An hana hawansa a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020, haka ma wasu jihohin arewacin Najeriya sun sha sa irin wannan doka. Mutum da babban babur da hula mai rufe fuska a daji yana iya jawo wa kansa abin da bai zata ba. Ka nemi izinin hukuma da shawarar masu gari kafin ka motsa, kuma in an ce kada ka bi, kada ka bi.

Masu neman yashi a yau sun fi zuwa kudancin Maroko, wajen Merzouga da tudun Erg Chebbi, ko kudancin Tunisiya wajen Douz, inda ake samun hayar babur da jagora da mota mai rakiya.

Ban taɓa shiga yashi ba. Daga ina zan fara?

Ka ajiye babban tukuna, ka ari ƙarami mai 125 ko 250. Nemi busasshen rafi ko fili mai yashi kusa da gari lokacin rani, ka je da aboki da sassafe. Ka koyi tsayuwa a kan matakai a ƙasa mai tauri har ka iya canja giya da taka birki a tsaye. Sannan ka zaɓi yashi mai tsawon taku hamsin wanda ƙasa mai tauri ke gabansa da bayansa, ka riƙa ratsa shi kai da kawowa har hannunka ya daina sakin totur da kansa. Bayan nan ka kawo babban, ba kaya, tanki rabi, madubai a cire, iska a rage. Ka kwantar da shi da gangan ka ɗaga, ka kafar da shi da gangan ka fitar. Sai ka ƙara kaya kaɗan-kaɗan, ka yi tafiyar yini ɗaya, sannan ta kwana ɗaya, kana rubuta lita nawa na mai da na ruwa ka sha a kowace fita. Da waɗannan alƙaluma naka za ka yi lissafin doguwar tafiya idan lokacinta ya yi.